Ma'aikatana sun zama 'yan "to yallaɓai", ko in sallame su in ɗauko masu digiri?

Assalamu alaikum Kawu, dan Allah a sakaya sunana. Shekarata 32 ina zaune a Kano, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bar mana gidan burodi mai ma'aikata 26 kuma ni 'yan'uwa suka ɗora a kai shekara biyu kenan. Ciniki kullum baya yake yi, sababbin gidaje sun buɗe kusa da mu suna ta fito da abubuwa kala-kala mu kuma muna nan da burodi kala biyu tun na zamanin Baba. Na kira mitin ya kai sau biyar nace kowa ya kawo shawara wallahi ko tari ba mai yi, duk abinda na faɗa sai "to yallaɓai". Na ajiye akwatin shawara a bakin ƙofa, wata uku takarda biyu na samu, ɗaya roƙon ƙarin albashi ɗayar kuma ba komai a jikinta. Abinda yafi ƙona min rai akwai wani yaro direban motar rabo, ya taɓa cewa mu dinga yin ƙananan burodi saboda masu shayi, sai manajanmu wanda tsohon yaron Baba ne sama da shekara 20 yace masa tuƙi aka ɗauke shi ba surutu ba, aka kwashe da dariya, nima ina wurin amma ban ce komai ba saboda ina jin nauyin dattijon. Bayan wata biyu yaron ya bar aiki, yanzu yana gidan da muke gasa dasu kuma irin burodin nan ne ya kwashe mana masu shayi. Ga shi ana yawan dawo mana da kaya wai ya ƙone duk da cewa dokar gidan tun da can wanda burodi ya ƙone a hannunsa ana cire masa a albashi. Ina tunanin in sallami rabinsu in ɗauko masu digiri masu kai, me ka gani?

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya taya ka riƙo dan juya dukiyar gado ga idon 'yan'uwa a kanka ba ƙaramin aiki bane.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe kar in ja maka rai, kar ka sallami kowa, ko mutum ɗaya, aƙalla dai ba yanzu ba kuma ba akan wannan dalilin ba. Na karanta saƙonka sau uku kuma amsar tana ciki, da hannunka ka rubuta ta baka lura ba. Kace ba mai kawo shawara, sai ga shi layi biyu a ƙasa kana bani labarin wanda ya kawo shawara, mai kyau ma kuwa tunda yanzu haka wani gidan yake ci da ita, aka yi masa dariya a gaban jama'a kana zaune baka ce uffan ba. Toh ranar nan ba direban kaɗai aka ba amsa ba. Mai kwaɓi yana kallo, mai murhu yana kallo, yaran da suke ɗura burodi a leda suna kallo, kowa ya ɗau darasinsa ya sa a aljihu, gani ga wane ai ya ishi wane tsoron Allah. Duk mitin da ka kira bayan nan kana magana ne da mutanen da tuni suka yanke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shi ma'aikaci bashi da ruwa da daɗin bakin oga a wurin mitin, abinda yake dubawa kawai shine me ya samu mutum na ƙarshe da ya buɗe baki, a gidanku kuwa na ƙarshen an mayar dashi abin dariya ne ya tattara ya tafi.

Masu digirin da kake son ɗaukowa in ka zuba su a gidan nan yadda yake yanzu, ka basu wata uku zasu koyi "to yallaɓai" suma, sai dai nasu ya zo da turanci da albashi mai tsada.

Akwai wani labari da nake yawan ba masu irin tunaninka dan abu ne da ya faru ba tatsuniya ba. A garin Fremont na jihar Kalifoniya a Amurka kamfanin General Motors yana da masana'antar haɗa motoci, kuma a lokacin ana ganin duk harkar mota a ƙasar babu ma'aikata marasa kan gado kamar na wurin. Fashin aiki yakan haura kashi 20 cikin 100, wato cikin mutum biyar ɗaya bai zo ba, ana shaye-shaye a bakin aiki, yajin aiki kuwa kamar cin ƙwan makauniya, wasu dan mugunta ma sai su jefa kwalbar lemo cikin ƙofar mota su rufe dan ta dinga ƙara ta dami wanda ya saya. A 1982 kamfanin ya gaji ya rufe wurin. A 1984 aka sake buɗewa da haɗin gwiwar Toyota aka sa masa suna NUMMI, Toyota ce take gudanar da aikin, kuma ka san wa suka ɗauka? Mafi yawan ma'aikatan tsofaffin nan ne dai da aka ce basa gyaruwa, har da shugabannin ƙungiyar ƙwadagonsu. Aka kwashi ɗaruruwa daga cikinsu aka kai su Japan suka yi makonni a masana'antar Toyota ta Takaoka suna ganin yadda ake aiki. Cikin kamar shekara ɗaya motocin Fremont suka zama kan gaba a inganci cikin masana'antun General Motors, fashin aiki ya sauko wajen kashi 2. Mutanen dai sune, ginin ma shine.

Toh me ya canja? Abubuwa da yawa amma wanda su kansu ma'aikatan suka fi ba da labari igiya ce. Da can dokar wurin ita ce duk rintsi kar layin haɗa mota ya tsaya, in ka ɗaura abu a karkace ko ƙusa ta ƙi shiga ka bar motar ta wuce haka nan a gyara daga baya a fili, wanda ya tsayar da layi kuwa ya shiga uku. Toyota ta zo ta rataye igiya a saman kan kowa, su suna ce mata andon, ka ga matsala ka ja, fitila ta kama kiɗa ya tashi, shugaban rukuninku ya rugo ya tambaye ka me ya faru ya kama maka, in ba'a warware ba kafin motar ta kai wani alama layin gaba ɗaya ya tsaya. Ka duba fa, lebura ƙarami an bashi ikon tsayar da masana'anta sukutum kuma ba zagi ba cirar albashi. Mutumin da aka yarda dashi haka shine gobe zai zo yace oga da an sauya wa wannan sifana hannu da aikin yafi sauri, kuma a sauya masa. A 1988 da kasuwa ta ja baya basu sallami ma'aikata ba, horo suka tura su da aikin gyare-gyare, nan mutane suka ƙara tabbatarwa cewa in na kawo dabarar da ta rage aiki ba kaina na haƙa wa rami ba.

Dan kar kace na ɓoye maka ƙarshen labarin, an rufe NUMMI a 2010 bayan General Motors ta durƙushe ta janye, yanzu kamfanin motoci na Tesla ne a wurin. Amma abinda ya shafe ka shine da General Motors ta so kwafar tsarin a sauran masana'antunta shekaru ta kwashe abin yana ƙi, saboda an rataye igiyar amma manajoji har lokacin da yawan motar da ta fita ake auna su, wanda ya ja igiya sai ya sha harara. Akwatinka na bakin ƙofa irin wannan igiyar ce ɗana.

Yanzu mu zo kan dokar ƙonewar burodi dan ni a ganina ita tafi manajan ma ɓarna. Ban taɓa shiga gidanku ba amma bari in faɗa maka abinda yake faruwa da ƙarfe uku na dare in an jawo faranti an ga layin gefe yayi baƙi. Yaron zai waiga ya ga ba mai kallonsa, ya kankare baƙin da wuƙa, ya juya wurin ya koma ƙasan leda inda tambari ya rufe, ya cusa su tsakiyar kaya, da asuba mota ta kwashe, mai shago ya sayar wa mai gida, uwargida ta yanka wa yara ta ji ɗaci, gobe tace kar a ƙara sayo mata na gidan nan. Shi yaron ya tsira da ɗari biyar ɗinsa kai kuma ka rasa kwastoma na shekara goma baka ma san ka rasa ba. Kuma ina kyautata zaton mai murhunku ya daɗe da sanin wane lungu ne yafi zafi, ya san wane itace ne in aka kawo wutar take haukacewa, ya san da an juya faranti a tsakiyar gashi da an huta, amma in ya faɗa ai ya amsa cewa ana ƙonawa a hannunsa kenan, wa zai kai kansa?

Wata malama a jami'ar Harvard, Amy Edmondson, tun tana ɗalibar digiri na uku a farkon shekarun 1990 ta yi bincike a asibitoci akan kuskuren ba marasa lafiya magani. Ta shiga da tunanin rukunin ma'aikatan da suka fi jituwa da shugabanci mai kyau sune zasu fi ƙarancin kuskure, sai lissafi ya fito a juye, sune suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi sai aka gane ba wai sun fi yin kuskuren bane, sune dai basa tsoron faɗa, sauran kuwa binnewa suke. Daga nan ta ci gaba da aiki akan wannan batu na mutum ya samu natsuwar faɗin abinda ya gani a wurin aiki ba tare da fargabar a wulaƙanta shi ba, ta fitar da rubutunta da yayi suna a 1999. Ka ga in asibiti da ran mutum ke hannu tsoro yana sa a ɓoye, ina ga burodi.

Shawarata ka dakatar da cirar albashin nan na wata uku ka gani, ka sanar da bakinka a gaban kowa. A madadinta ka sayi littafi mai layi ka rataye kusa da murhu, duk abinda ya ƙone ko ya ƙi tashi a rubuta guda nawa ne, ƙarfe nawa, wane gefe, wace fulawa, kuma a ware shi gefe kar ya shiga leda. Satin farko zaka tsorata dan adadin zai yi sama sosai, kar ka ɗaga hankalinka, dama can haka yake yau ne kawai ka fara gani. Wanda ya bar murhu ya tafi yayi barci ko yana can yana danna waya wannan sakaci ne hukuncinsa daban, ba cewa nayi ka zama sakarai ba, amma wanda yana tsaye akan aikinsa abu ya ɓaci ko yana gwada wata hanya bata yi ba, in ka taɓa kuɗinsa ka sayi shirunsa har abada.

Sai maganar dattijo. Nasan wasu zasu ce maka ka kore shi kawai tunda kaine mai gida, kar ka saurare su. Mutumin da ya yi wa mahaifinka hidima shekara 20 uba ne a wurinka, kuma in ka tozarta shi ma'aikatan wani darasin zasu ƙara ɗauka, cewa a gidan nan ko ka tsufa kana bauta ƙarshenta wulaƙanci. Ka fahimci abinda yake tsoro, shi duk sabon abu da aka kawo ji yake kamar ana cewa shi da marigayi basu iya ba, ga yaron da ya goya ya zama ogansa, ga direba ma yana son koya masa sana'a. Ka je gidansa ba ofis ba, ka zauna a ƙasa ka gaishe shi, ka ce Baba ciniki yana zubewa kuma ni kaɗai bazan iya ba, ka tambaye shi yadda suka fara da mahaifinka da irin abinda suka gwada ya faɗi. Zaka sha mamaki, ba wuya shima yana da shawarwarin da ya taɓa kawowa aka ƙi ya haɗiye. Sannan ka roƙe shi abu ɗaya tak, duk wanda ya kawo magana ko ta banza ce kar a ƙara yi masa dariya, a ce masa an ji za'a duba. In zai ce maka ai abinda babba ya hango yaro ko ya hau rimi bazai hango ba, ka ce gaskiya ne Baba, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi Baba yana ofis da safe, direba ne yake tsaye gaban mai shayi da asuba yana jin leburori da 'yan adaidaita suna cewa a yanka musu rabi dan babban yafi ƙarfin aljihunsu.

Kuma tunda dattijo ne mai addini ka tuna masa abinda ya sani ya fi ka sani. Littattafan sira sun kawo cewa a Badar Hubab ɗan Munzir ne ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce dabara ce sai ya ba da shawarar a matsa kusa da ruwa kuma aka matsa. A shekara ta 5 bayan hijira Salmanul Farisi, baƙo daga wata ƙasa wanda ya taɓa zama bawa, shi ya kawo shawarar haƙa ramin Khandaƙ da Larabawa basu saba dashi ba. Toh waye mu da za'a ce direba bai isa yayi magana akan girman burodi ba. In duk kayi wannan wata biyu uku ya ci gaba da dizga mutane, sai ka matsar dashi cikin mutunci, sayen fulawa da suga da hulɗa da diloli, inda girmansa zai yi amfani, ka cire shi daga kan yara.

Mitin kuwa ka daina, ɓata lokaci ne. Yaron da aka tarbiyyantar tun yana ƙarami cewa ba'a ɗaga murya gaban manya baza ka tara shi gaban oga da manaja da mutum 25 kace yi magana ya yi ba, kunya ma kaɗai ta isa. Akwatin ma ka tambayi kanka mutum nawa ne a cikinsu suke iya zama su rubuta takarda da boko ba tare da jin za'a gane rubutunsu ko a yi musu dariyar kuskure ba. Kai zaka je inda suke. Ka kwana dare ɗaya a wurin kwaɓi, kar ka je da manyan kaya, ka ɗau faranti ka sha hayaƙin. Ka shiga motar rabo da asuba ka zauna a benci wurin mai shayi ka sha kofi ɗaya kana sauraro. Kuma kar kace "kawo shawara", wannan kalmar tana da nauyi mutum sai ya ga kamar sai ya zo da wani babban abu, ka tambayi ƙaramin abu, me yafi ɓata maka lokaci a aikin nan, wane kaya ne yafi yin kwantai a shagunan layinka, in kaine mai gidan me zaka fara gyarawa. Ka basu lambarka kace wanda yake jin nauyi ya turo murya ta WhatsApp. Ita Toyota tun 1951 take da tsarin karɓar shawarar ma'aikata kuma mafi yawan abinda ake kawowa ƙanana ne, a matso da wannan teburi, a sa fitila a can, abinda ya raya tsarin shine ana ba mutum amsa. Kaima duk wanda ya faɗa maka abu kar ya wuce sati bai ji daga gare ka ba, ko za'a yi ko baza'a yi ba ga dalili. Na farkon da aka faɗa maka in mai sauƙi ne, fanka ce ko safar hannu ko ƙwan fitila a wurin ɗuri, ka yi shi washegari kowa ya gani.

Af, takardar nan ta ƙarin albashi da ka ambata kamar da rainin hankali, ita ma fa shawara ce, kuma mai ita yayi ƙarfin hali. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota da na abinci suka koma, wanda yake lissafin yadda zai kai ƙarshen wata kansa bashi da filin tunanin sabon burodi. In baka da halin ƙari yanzu ka faɗa musu gaskiya ka nuna musu lissafi, amma dai albashi ya dinga fita akan lokaci. Ita kuwa farar takardar ni dariya ta bani, ina jin wani ne yake gwada ko ana buɗe akwatin ma.

In bakin mutane ya fara buɗewa sai ka basu wurin gwaji, dan shawarar da ba'a gwada ba hira ce kawai. Kamfanin 3M na Amurka sun daɗe da al'adar barin ma'aikatansu na bincike su yi amfani da kashi 15 cikin 100 na lokacinsu akan abinda ransu yake so. A 1968 wani masaninsu Spencer Silver yana neman gam mai ƙarfi sai ya samu wani rarrauna wanda yake mannewa a ɓanɓare shi bai bar tabo ba, a wani gidan da an ce asara yayi a cire masa, shi kuwa aka bar shi shekaru yana yawo dashi cikin kamfani yana tallata wa abokan aiki. Sai a 1974 wani abokin aikinsa Art Fry, wanda 'yan takardun da yake sa alama dasu a littafin waƙoƙin coci suke ta zubewa, ya tuna da gam ɗin nan. Daga nan aka samu 'yar takardar nan mai mannewa ta Post-it da ka ga ana liƙawa a ofisoshi, ta shiga kasuwar Amurka gaba ɗaya a 1980. Shekara 12 kenan tsakanin kuskuren da cinikin. Kai baka da kuɗin 3M kuma ba sai kana dashi ba, ka ware rabin buhun fulawa duk sati, rana ɗaya da aiki yake da sauƙi, kace wannan na gwaji ne ko ya lalace ba ruwan kowa. Mai kwakwa ne, mai madara ne, ƙarami ne na yaran makaranta, a yi a kai wa masu shayi uku huɗu da kuka saba kyauta su ɗanɗana wa mutanensu, direba ya dawo da abinda aka ce. Ka sa a ranka cikin goma takwas baza su yi ba. Kuma ka ɗora dattijon a matsayin mai sa ido akan gwajin, ka ga ya zama nasa kenan ba abinda ake yi a bayansa ba. Abu ɗaya dai, in wani ya zo maka da dabarar sinadarin nan bromate mai kumbura burodi kace a'a tun kafin ya rufe baki, NAFDAC ta haramta shi kuma cutar da mutane ne.

Saura maganar da tafi taɓa ni dan ni kaina an yi min. Ina saurayi nayi aiki a wata maɗaba'a, na lura guntayen takardar da ake yankewa ana zubarwa sun isa a ɗinka ƙananan littattafan rasit a sayar wa 'yan kasuwa, na faɗa wa shugaban sashenmu a tsaye a bakin inji, yace min in je in yi aikin da aka sa ni. Bayan wata ɗaya sai ga mai kamfani ya tara mu yana yaba masa akan basirarsa ta rasit, har da ambulan, ina tsaye a baya hannuna duk tawada ina tafi tare da kowa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na ƙara shekara biyu a wurin kuma na ga abubuwa sun fi goma da za'a gyara, wallahi ko ɗaya ban ƙara faɗa ba, ba dan mugunta ba, raina ne kawai ya fita. Dan haka duk dabarar da ta yi, ka kira sunan mai ita a gaban kowa kace wannan na wane ne, ka bashi wani abu a hannu, in kaya ne da ya shiga kasuwa ka yanka masa ɗan kaso na wasu watanni kuma ka faɗi kason tun kafin a fara dan kar a zo ana 'yar ƙunƙuni. Ka haɗa da waɗanda suka taya shi aikin ko yaya ne, in ba haka ba hassada zata shiga mai kwaɓi ya dinga ɓata gwajin mai murhu.

Amma kafin duk wannan akwai inda zaka fara zuwa, wurin direban nan. Ka nemi inda yake ka same shi kai kaɗai, kar ka tafi da manaja kar kuma ka aika, ka ce masa wane ranar nan kayi gaskiya, an yi maka dariya ina zaune ban tare maka ba, ka yafe min. Kar ka haɗa da roƙon ya dawo, yana da wurin aikinsa kuma janye yaron wani ba hali bane, in shi ya nema daga baya wannan daban. Nasan da nauyi mai gida ya je ba tsohon direbansa haƙuri, amma masu rabon burodi duk sun san juna a shaguna ɗaya suke haɗuwa kullum, kafin ka dawo gida labarin ya riga ka isa wurin murhu. Ka je bayan la'asar lokacin ya gama rabo ya ɗan huta, in Allah ya kai mu bayan wata uku ka rubuto min abinda littafin nan na gefen murhu ya nuna.